Yawan Gumi: Dalilansa da Hanyoyin Magance Shi

Gabatarwa

A makarantun sakandare da yawa akan sami ɗalibin da ba ya rabuwa da hankici a hannu. Idan aka shiga ɗakin jarrabawa, kafin ya cika shafin farko takardar amsa ta jiƙe, tawada ta baje, biro yana sulɓewa daga yatsunsa. Idan aka haɗu da shi a hanya yakan yi nauyin miƙa hannu a gaisa, har wasu su ɗauka girman kai ne. Wani kuma hammatarsa ce ke jiƙa farar rigar makaranta tun ana taron safe, alhali ana tsakiyar hunturu. Irin wannan ɗalibi yakan sha tsokana daga abokan karatu, wani lokaci ma malami ya ɗauka ƙazanta ce ko tsoro. Abin da ke damunsa lalura ce da likitoci suka sani, suna kiranta haifa-haidurosis, sunan da aka ƙera daga kalmomin Girkanci biyu masu ma'anar "fiye da kima" da kuma "gumi".

A wannan darasi za mu fara da duba yadda jiki ke yin gumi, wanda wasu ke kira zufa ko jiɓi, da amfanin da yake yi. Daga nan sai mu rarrabe tsakanin yawan gumin da yake lalura ce mai zaman kanta da wanda yake alama ce ta wata cuta, sannan mu bayyana hanyoyin magani.

1. Yadda jiki ke yin gumi

A cikin fatar ɗan Adam akwai wasu ƙananan maɓuɓɓugai da yawansu ya kai miliyan 2 zuwa miliyan 4. Masanin nan ɗan ƙasar Cek, Jan Purkinje, shi ne ya gano su a shekarar 1833. Kowace ɗaya siririn bututu ce da ta naɗe kamar ƙulli a can cikin fata, sannan ta miƙo ta buɗe baki a waje. Sun kasu iri biyu.

Iri na farko ana kiransu ekirin. Suna warwatse a kusan dukkan jiki, amma sun fi cunkushewa a tafin hannu da tafin ƙafa da goshi. Ruwan da suke fitarwa kashi 99 cikin ɗari ruwa ne zalla, sauran kuwa gishiri ne da ɗan sinadarin yuriya da makamantansu. Su ne ke sanyaya jiki, kuma su ne ke da hannu a lalurar da muke magana a kai.

Iri na biyu ana kiransu afokirin. Ana samun su a hammata da matsematsi, suna zuba ruwansu a gindin gashi, kuma ba sa fara aiki sai an balaga. Ruwansu yana da ɗan kauri saboda maiƙo da furotin da ke cikinsa. Lokacin da ya fito ba shi da wari. Ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a kan fata su ne ke cin sa, su rugurguza shi, sai wari ya tashi. Wannan ne ya sa ƙaramin yaro zai wuni yana guje-guje ba a ji warin hammatarsa ba.

Maɓuɓɓugan gumi ba sa aiki da kansu, umarni suke jira. A ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe mai suna haifotalamas, wanda aikinsa ya haɗa da tsare zafin jiki a wajen digiri 37 a ma'aunin Salshiyas. Da zarar zafin jini ya ɗaga, sai ya aika saƙo ta jijiyoyin da ke aiki ba da nufin mutum ba, irin waɗanda ke sarrafa bugun zuciya. A ƙarshen kowace jijiya ana sakin wani sinadari mai suna asitilkolin, shi ne ke taɓa maɓuɓɓugar ta fara tsiyaya. A riƙe sunan wannan sinadari, domin magunguna da dama a kansa suke aiki. Ban da zafi, tsoro da kunya da fargaba ma suna tayar da waɗannan jijiyoyi, musamman na tafin hannu da tafin ƙafa da hammata.

2. Me ya sa gumi ke sanyaya jiki?

Fitowar gumi kaɗai ba ta rage zafi. Sai ya bushe, wato ya zama tururi ya bi iska, sannan yake tafiya da zafin jiki. Duk wanda ya sha ruwan randa ya ɗanɗani wannan ƙa'ida: ruwa yana tsattsafowa ta jikin yumɓu, iska ta busar da shi, sai na cikin randar ya yi sanyi. A kan wannan ƙa'ida ce Mohammed Bah Abba, wani malami a Jihar Jigawa, ya yaɗa dabarar sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan lambu, aikin da ya sa ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000.

Bari mu yi ɗan lissafi. Kafin lita 1 ta gumi ta bushe daga fata, sai ta kwashe zafi kimanin kilojul 2,400. Jikin mutum mai nauyin kilogiram 60 yana bukatar kimanin kilojul 210 kafin zafinsa ya ƙaru da digiri 1. Idan muka raba 2,400 da 210 za mu sami fiye da 11. Ke nan lita 1 ta gumi tana kawar da zafin da zai iya ɗaga zafin jikin wannan mutum da digiri 11, alhali ƙarin digiri 4 ko 5 kawai ya isa ya jefa rai cikin haɗari. A watan Afrilu, lokacin da zafin iska a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai ke haura digiri 40, iskar ta fi fata zafi, saboda haka bushewar gumi ita ce kaɗai hanyar da ta rage wa jiki ta fitar da zafi. Manomi ko lebura da ke aiki a irin wannan rana yana iya zubar da lita 1 zuwa 2 a awa guda.

Wannan ya bayyana mana wani abu da kowa ya lura da shi. Da hunturu iska busasshiya ce, gumi na bushewa tun kafin a gan shi. Da damina ta kusa kuwa, iska ta cika da laima, gumi ba ya bushewa da wuri, sai ya riƙa kwarara a banza, mutum yana sharkaf amma bai daina jin zafi ba. Duk wannan gumi ne na lafiya.

3. Yawan gumi mai zaman kansa

Gumi yana zama lalura idan ya wuce abin da jiki ke bukata don sanyaya kansa, har ya hana mutum gudanar da harkokinsa. Mafi yawan matasan da ke fama da shi ba su da wata cuta a ɓoye. Maɓuɓɓugan guminsu ba su fi na kowa yawa ko girma ba. Jijiyoyin da ke ba su umarni ne ke da saurin tashi, abu kaɗan ke sa su aika saƙo. Har yanzu masana na binciken abin da ke haddasa haka, amma an tabbatar yana bin jini, domin da yawa daga cikin masu shi suna da ɗan'uwa mai irinsa. Wani bincike da aka buga a Amurka a shekarar 2004 ya ƙiyasta kashi 2.8 cikin ɗari na mutanen ƙasar suna da yawan gumi, wani kuma a shekarar 2016 ya sami kashi 4.8. Idan muka ɗauki waɗannan alƙaluma a matsayin misali, ajin da ke da ɗalibai 60 zai iya ƙunsar mutum biyu ko uku.

Likita yakan ce mutum na da wannan nau'i idan ya shafe aƙalla wata 6 yana yin gumi fiye da kima a wani keɓaɓɓen wuri, kamar tafin hannu ko tafin ƙafa ko hammata ko fuska, ba tare da wani dalili a fili ba, kuma aka sami aƙalla biyu daga cikin waɗannan:

(a) gumin yana fitowa a ɓangaren dama da na hagu daidai wa daida;
(b) yana hana shi ayyukan yau da kullum;
(c) yana taso masa aƙalla sau ɗaya a mako;
(d) ya fara tun kafin ya kai shekara 25;
(e) akwai mai irinsa a danginsa;
(f) yana tsayawa idan ya yi barci.

Wannan nau'i ba ya kisa, amma yana da illoli. Fatar da kullum take jiƙe takan yi laushi ta tsattsage, ƙwayoyin cuta su sami mashiga. Shi ya sa ƙaiƙayi da ruɓewar tsakanin yatsun ƙafa da warin takalmi suka yi yawa ga masu shi. Jiƙaƙƙen yatsa kan ba na'urar ɗaukar hoton yatsu wahala a wurin rajistar jarrabawa. Tela da bakanike da mai gyaran waya duk suna shan wahala da hannu mai santsi. Mafi nauyi kuwa ita ce damuwar zuci: fargabar kada gumi ya fito takan ƙara tayar da jijiyoyin, gumin ya ƙaru, fargabar ma ta ƙaru.

4. Yawan gumin da wani abu ya haifar

Nau'i na biyu alama ce ta wata cuta ko tasirin wani magani. Yawanci yakan game jiki duka, yakan fara bayan an girma, kuma ba ya tsayawa da barci. Ga manyan dalilansa:

Cututtuka masu zazzaɓi. Zazzaɓin cizon sauro yakan zo da matakai uku: rawar sanyi, sai zafin jiki mai tsanani, sai gumi ya karyo lokacin da zafin ke sauka. Tarin fuka, wato tibi, an san shi da gumin dare da ke jiƙa riga da shimfiɗa, tare da tari na fiye da mako 2 da rama. Cutar burusela, wadda makiyaya ke kira bakkale a jikin shanu, tana kama mutum ta shan madarar da ba a dafa ba, ta riƙa sa zazzaɓi mai zuwa yana komawa da gumin dare. Ƙanjamau ma yana sa gumin dare.

Rikicin sinadaran jiki. A gaban wuya akwai wata gaɓa mai suna tayiroyid, wadda kumburinta ne ake kira maƙoƙo. Idan ta yi aiki fiye da kima, jiki yakan ƙona abinci da sauri, sai a ga gumi da bugun zuciya da rawar hannu da rama duk da yawan ci. Mai ciwon sukari da ya sha magani ko ya yi allurar insulin bai ci abinci ba, sukarin jininsa na iya faɗuwa, gumi mai sanyi ya keto masa tare da makyarkyata da yunwa. Mata kuma idan al'ada ta zo ɗaukewa, yawanci tsakanin shekara 45 da 55, sukan ji zafi ya taso musu kwatsam daga ƙirji zuwa fuska, gumi ya biyo baya. Juna biyu da ƙiba ma suna ƙara gumi.

Ciwon daji. Wasu nau'o'insa, musamman wanda ke kama kaluluwa, suna zuwa da gumin dare da zazzaɓi da rama da kumburi marar zafi a wuya ko hammata ko matsematsi.

Magunguna da kayan maye. Wasu magungunan ciwon damuwa suna sa gumi, haka nan tiramadol da danginsa. Wanda ya saba da giya ko ƙwaya ya daina farat ɗaya shi ma yakan yi gumi da karkarwa.

Akwai kuma gumin cin yaji, wanda ba cuta ba ne. Sinadarin kafsaisin da ke cikin barkono da attaruhu yana taɓa jijiyoyin jin zafi na baki, sai ƙwaƙwalwa ta ɗauka jiki ya yi zafi, ta ba da umarnin gumi a goshi da hanci.

5. Alamomin da ba a jinkiri da su

A garzaya asibiti nan take idan gumi mai sanyi ya zo tare da ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi, domin yana iya zama alamar toshewar jijiyar zuciya. Mai ciwon sukari da ya fara gumi da ruɗewa, in dai yana iya haɗiya, a ba shi ruwan sukari ko wani abu mai zaƙi, sannan a kai shi asibiti. Haka nan wanda ya daɗe a rana, jikinsa ya yi zafi rau, ya fara sambatu ko ya faɗi, ko yana gumi ko gumin ya tsaya, a kai shi inuwa, a jiƙa jikinsa da ruwa, a yi masa fifita, a nemi taimako da gaggawa.

A je a ga likita ba tare da ɓata lokaci ba idan gumin dare yana jiƙa shimfiɗa, ko yawan gumi ya fara kwatsam bayan an girma, ko yana fitowa a ɓangare ɗaya na jiki kawai, ko kuwa yana tare da rama da tari da zazzaɓi. A Nijeriya ana gwajin tibi da ba da maganinsa kyauta a cibiyoyin da aka keɓe.

6. Yadda ake bincike

Likita yakan fara da tambayoyi: yaushe abin ya fara, a ina yake fitowa, yana zuwa da dare, wane magani ake sha. Idan ya yi zargin wata cuta, sai ya sa a auna jini ko majina ko a ɗauki hoton ƙirji. Don gane iyakar wurin da ke gumi, akwai wani sauƙaƙan gwaji da likitan jijiyoyi ɗan Rasha, Victor Minor, ya bayyana a shekarar 1928. Ana shafa ruwan aidin a busasshiyar fata, a bar shi ya bushe, sannan a barbaɗa garin sitaci. Duk inda gumi ya fito sai ya narkar da aidin ya haɗa shi da sitaci, wurin ya koma shuɗi mai duhu. Wannan shi ne gwajin sitaci da ɗalibai suka sani a darasin nazarin halittu.

7. Hanyoyin magani

Idan wata cuta ce ta haifar da gumin, ita ake yi wa magani, gumin zai bi ta ya tafi. Idan kuwa mai zaman kansa ne, ana bin matakai daga mai sauƙi zuwa mai tsanani.

Mataki na farko shi ne maganin shafawa mai ɗauke da alminiyam kuloraid, yawanci mai ƙarfin kashi 20 cikin ɗari. Yana haɗuwa da danshin bututun gumi ya zama wani ɗan toshi a bakinsa. Mutane da yawa suna cewa bai yi musu aiki ba saboda kuskuren amfani. Ana shafa shi da dare lokacin kwanciya, a fatar da ta bushe sarai, a wanke da safe. Ana yin haka kowane dare har gumi ya ragu, sannan a koma sau ɗaya ko biyu a mako. Ba a shafa shi a kan rauni ko jim kaɗan bayan aske hammata, domin yana raɗaɗi. A lura cewa turaren hammata na kasuwa wari kawai yake ɓoyewa. Alimun ma ya fi amfani wajen rage wari fiye da tsayar da gumi mai yawa.

Mataki na biyu, ga tafin hannu da na ƙafa, shi ne ayontoforesis. Ana tsoma hannu ko ƙafa a cikin faranti mai ruwan famfo, wata na'ura ta musamman ta ratsa ruwan da lantarki mai rauni ƙwarai na tsawon minti 20 zuwa 30, sau uku ko huɗu a mako. Bayan 'yan makonni gumi yakan ragu, sai a koma sau ɗaya a mako. Ba a yi wa mai juna biyu ko mai na'urar daidaita bugun zuciya. Kada wani ɗalibi ya kuskura ya gwada wannan da wutar gida, kisa take yi.

Mataki na uku shi ne allurar botulinum, wadda aka fi sani da Botox. Guba ce da wata ƙwayar bakteriya ke yi, ana tace ta a yi amfani da ɗan mitsitsin adadi. Tana hana jijiya sakin asitilkolin, sai maɓuɓɓugar ta rasa umarni. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da ita don gumin hammata a shekarar 2004. Aikinta yakan kai wata 6 ko makamancin haka, sannan a sake, kuma tana da tsada.

Akwai kuma magungunan sha irin su oksibutinin da gilaikofirolet, waɗanda ke tare asitilkolin a jiki duka. Suna sa bushewar baki da taurin bayan gida da dishi-dishin gani da wahalar fitsari. A ƙasa mai zafi kuwa haɗarinsu ya fi haka, domin wanda aka rage wa gumin jiki duka zafi na iya kayar da shi a rana. Saboda haka ba a shan su sai da umarnin likita. A shekarar 2018 an amince a Amurka da wani ƙyallen goge hammata mai ɗauke da irin wannan magani, wanda ke kai shi kai-tsaye wurin da ake bukata. Tun shekarar 2011 kuma akwai na'urar da ke lalata maɓuɓɓugan hammata da zafin maikurowef.

Mataki na ƙarshe shi ne tiyata, inda ake shiga ƙirji da siririyar na'ura a yanke ko a matse jijiyar da ke kai saƙo zuwa hannu. Tana tsayar da gumin tafin hannu ga mafi yawan waɗanda aka yi wa, amma da yawansu gumin yakan koma baya da ciki da cinyoyi, wani lokaci ya fi na da muni, kuma yanke jijiya ba ya warwaruwa. Shi ya sa ba a yin ta sai dukkan sauran hanyoyi sun gaza.

8. Kula da kai

A riƙa sa tufafi na auduga masu yalwa, a guji na leda masu riƙe zafi. A sauya safa kullum, a shanya takalmi a rana, a kuma busar da tsakanin yatsun ƙafa bayan wanka ko alwala. A rage yaji da gahawa da shayi mai kauri idan an lura suna tayar da gumin. Kuskure ne babba mutum ya rage shan ruwa don kada ya yi gumi: gumin ba zai tsaya ba, ƙoda ce za ta wahala. Haka nan gumi ba ya narkar da kitse, nauyin da aka rasa bayan an yi gumi na ruwa ne, yana dawowa da an sha. Tace dattin jini kuwa aikin ƙoda da hanta ne.

9. Kira ga malamai

Hausawa na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Likitoci ma suna auna tsananin wannan lalura da yadda take takura wa mai ita. Malamin da ya lura da irin wannan ɗalibi ya kira shi gefe ya yi masa magana, ya ƙyale shi ya shiga jarrabawa da hankici ko wata farar takarda da zai ɗora hannu a kai, ya zaunar da shi kusa da taga, ya hana a yi masa ba'a, sannan ya shawarci iyayensa su kai shi wurin likitan fata. Matasa da yawa suna shafe shekaru suna ɓoye hannuwansu saboda ba wanda ya taɓa gaya musu cewa abin yana da suna kuma yana da magani.

Jinga

1. Bayyana bambanci uku tsakanin maɓuɓɓugan ekirin da na afokirin.
2. Ɗalibi mai nauyin kilogiram 60 ya yi wasan ƙwallo, rabin lita ta gumi ta bushe daga jikinsa. Kilojul nawa na zafi ta kwashe, kuma da digiri nawa zafin jikinsa zai ƙaru da ba ta bushe ba?
3. Wani mutum mai shekara 40 ya fara gumin dare tare da tari da rama. Wane nau'in yawan gumi ne wannan, kuma wace shawara za ka ba shi?
4. Me ya sa ake shafa alminiyam kuloraid da dare maimakon da safe?
5. Tare da malaminku, ku gwada gwajin Minor a tafin hannun wanda ya amince, muddin aidin ba ya ba shi ƙaiƙayi kuma ba shi da rauni a wurin. Ku zana abin da kuka gani.